Bindigar da ta San Mai Laifi

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan kallo, a Kafanchan ne ko a Zariya ko a Kano, ya san akwai wani lokaci a cikin fim ɗin 'yan sanda da ɗaki kan yi tsit. Lokacin kuwa shi ne sa'ad da jarumi ya rutsa da bos a wani kango ko a bakin ruwa, ya saita shi, ya ɗora yatsa a kan kunama. Da bindiga ta tashi sai ɗaki ya kaure da sowa da tafi, wasu har da miƙewa tsaye. A cikin masu tafin nan akwai wanda salla ba ta wuce shi a jam'i, akwai wanda ba ya fashin zuwa coci ran Lahadi, akwai kuma wanda ko kaza ba ya iya yankawa. Mu ma muna cikinsu, domin kuwa da irin waɗannan fina-finai muka tashi. Abin da wannan maƙala take son ta bi diddiginsa shi ne, me muke yi wa tafi, kuma me tafin yake ci mana?

Amsar da aka saba ji daga bakin iyaye da malamai ita ce fim yana koya wa yara fashi. Wannan gardama tsohuwa ce. Tun a zamanin Girkawa Aflatun ya so a kori mawaƙa daga birnin da ya ƙaga, don yana ganin suna hura wutar son zuciya, ɗalibinsa Aristotal kuwa ya ga wasan kwaikwayo yana wanke zuciya ne ta hanyar tsoro da tausayi. Ba za mu raba musu wannan faɗa a nan ba. Masu kwaikwayon bos kaɗan ne a cikin ɗaki, kuma kowa ya san inda suka nufa. Mu damuwarmu tana ga sauran jama'a, watau mutanen kirki masu yi wa ɗan sanda tafi.

Bari mu fara da ita bindigar. A 1971 aka fitar da fim ɗin Dirty Harry a Amurka, wanda Don Siegel ya ba da umarni, Clint Eastwood kuma ya fito a matsayin Sufeto Harry Callahan na birnin San Faransisko. Bindigar da ke hannunsa libarba ce ƙirar Smith & Wesson Model 29, mai cin harsashi shida na .44 Magnum. Kafin fim ɗin, maharba da masu sha'awar tara makamai ne suka fi saninta, don tana da nauyi kuma tana da bugu, ba irin wadda ɗan sanda zai so ya yini da ita a ƙugu ba ce. Bayan fim ɗin sai da ta yi wuyar samu a kantuna. A 1987 da 1988 Lethal Weapon da Die Hard suka yi wa fistol ɗin Beretta 92 ta ƙasar Italiya, mai cin harsashi goma sha biyar, irin wannan talla. Ke nan masu cewa fim ba ya motsa kowa ba su duba littafin cinikin masu ƙera makamai ba.

A farkon Dirty Harry akwai wurin da Sufeto ya tsaya a kan wani ɗan fashi da ya faɗi, yana yi masa barazana da cewa shi kansa ya manta ko harsashi biyar ya harba ko shida. Mun kawo wannan fage ne saboda ba kasafai fim yake tuna cewa harsashi abin ƙidaya ne ba. A mafi yawan fina-finai bindiga kamar rijiya ce mai ido, ana ɗiba ba ta ƙafewa. Alhali bindigar AK-47, wadda ita ce a kafaɗar ɗan sandanmu a shingen bincike, gidan harsashinta talatin yake ci, kuma tana iya fitar da kimanin ɗari shida a minti guda. In mutum ya danne kunama bai saki ba, daƙiƙa uku sun ishe ta ta zama sanda. Jarumin da muke gani yana ta ɓarin wuta tsawon minti biyar ba tare da ya sake ɗura ba, da sai ya jawo buhun harsashi a bayansa. Haka nan mutumin da harsashi kan ɗaga ya maka da bango, ƙarya ce da igiya ake yi. Da harsashi yana da ƙarfin da zai ɗaga ƙato, da shi ma mai harbin ya sha ƙasa. Harsashin fim kwanso ne da albarushi ba ƙwaya a kansa, jinin kuma 'yar jaka ce da ake ɗaure wa ɗan wasa a ƙarƙashin riga a fasa ta, ƙarar ma sau da yawa daga baya ake ɗora ta.

Duk da haka, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. A dandalin ɗaukar fim akwai ma'aikaci na musamman wanda aikinsa ke nan, ya riƙe makamai, ya duba bakinsu, ya ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita. Ranar da ƙidayar ta kuskure rai ake rasawa. A watan Maris na 1993 Brandon Lee, ɗan shahararren Bruce Lee, ya mutu a wurin ɗaukar fim ɗin The Crow, saboda wata ƙwaya da ta maƙale a bututun bindiga ba wanda ya duba. A watan Oktoba na 2021 mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasa ranta a wurin ɗaukar fim ɗin Rust, don harsashin gaske ya shiga cikin na wasa, kuma a 2024 kotu ta ɗaure mai kula da makaman. Masu shirya fim sun san muhimmancin ƙidaya sarai, suna yin ta a bayan fage, mu ne kawai ba sa nuna wa.

Amma duk waɗannan ƙananan ƙarairayi ne, irin waɗanda kowace fasaha take yi, kuma mai karanta Ruwan Bagaja ba ya tsayawa tambayar yadda Alhaji Imam ya yi zance da aljanu. Babbar ƙaryar tana wani wuri. Bindigar jarumi ta san mai laifi. Harsashinta yakan ratsa kasuwa cike da jama'a, ya kauce wa mai tallar lemo da yaro da tsohuwa, ya je ya sami mugu shi kaɗai. Kuma abin da ya sa zuciyarmu ba ta ɗar idan ya same shi, shi ne mai ba da labari ya riga ya zaunar da mu a wurin da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa zama. Mun ga lokacin da bos ya yi kisa, mun ga fuskarsa, mun ji abin da ya faɗa a ɓoye. Mu ne shaidu, mu ne alƙalai, saboda haka harbin jarumi zartar da hukuncin da muka riga muka yanke ne kawai. Daga nan sai kotu ta zama ɓata lokaci, lauya ya zama abokin ɓarawo, shugaban 'yan sandan da yake cewa a bi doka kuma ya zama matsoraci ko maci amana. A Dirty Harry an kama makashin an sake shi saboda an take masa haƙƙi wajen kamun, a ƙarshe Sufeto ya harbe shi ya cilla bajonsa na aiki cikin ruwa. A Zanjeer na 1973, fim ɗin da ya ɗaga Amitabh Bachchan, Sufeto Vijay bai cimma wanda ya kashe iyayensa ba sai bayan da aka raba shi da kaki. Darasin ɗaya ne daga San Faransisko har Bombai, watau adalci yana farawa ne daga inda doka ta tsaya. Wani masanin harkar 'yan sanda, Carl Klockars, ya rubuta maƙala a 1980 ya raɗa wa matsalar sunan wannan fim: yaushe ne kyakkyawar manufa take halatta ƙazamar hanya?

To, ɗan sandan gaske ba ya zaune a kan benci tare da mu. Bai ga farkon fim ba. Abin da ke gabansa duhu ne da gudu da ihu da wani da ya sa hannu a aljihu. Binciken da cibiyar RAND ta yi a 2008 a kan 'yan sandan birnin New York, waɗanda horonsu da kayan aikinsu ba a haɗa su da namu, ya nuna cewa a musayar wuta kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu suke samun wanda aka nufa. Sauran ina suke zuwa? A wannan birni ne, ran 4 ga Fabrairu 1999, 'yan sanda huɗu suka harba wa Amadou Diallo, wani saurayi ɗan ƙasar Gini, harsashi 41 a ƙofar gidansu, 19 suka same shi. Abin da ya ciro daga aljihu walat ne. A nan gida, a watan Yuni na 2005, 'yan sanda sun kashe matasa shida a Abuja, biyar 'yan kasuwar Apo da mace guda, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin bincike ya gano ba haka ba ne, kuma sai a watan Maris na 2017, bayan shekara kusan goma sha biyu, kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan hukuncin kisa. Abin lura shi ne labarin da suka fara bayarwa, na 'yan fashi da musayar wuta da jaruntaka, labarin fim ne tsaf. Sun san irin labarin da kunnenmu ya saba da shi.

Mutanen Kagoro suna da dalilin da zai sa su fi kowa shakkar irin wannan labari, domin an taɓa yin sa a kansu. A farkon ƙarni na ashirin, lokacin da sojojin Turawa suke zagayen murƙushe al'ummun kudancin Zazzau, Kagoro tana cikin waɗanda suka yi turjiya daga kan dutsensu, kamar yadda suka yi wa mahara kafin zuwan Turawa. Wani jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Jama'a, Manjo A. J. N. Tremearne, wanda ɗaliban Hausa suka sani da littattafansa a kan tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da bori, ya wallafa littafi a 1912 mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, watau masu jela masu farautar kawuna. Kafin mai karatu a Ingila ya buɗe shafin farko an riga an nuna masa wane ne bos. Saboda haka in ya zo wurin da aka yi sintiri aka buɗe wuta, ba abin da zai ji sai cewa doka ta yi aikinta. Mai riƙe da bindiga shi ne mai riƙe da alƙalami, waɗanda suke ɗaya ɓangaren kuwa da kwari da baka ba a tambaye su nasu labarin ba. Ɗan Kagoro da yake tafi a gidan kallo a yau, kakansa ne aka sa a gurbin mutumin da ake yi wa tafin faɗuwa.

Sai dai a nan ne maganar take yin nauyi, kuma rashin gaskiya ne mu wuce ta da sauri. Cikin watan Maris na 1987, watan da Lethal Weapon ya fito, rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, a 2011 kuma rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka masu yawa a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. Babu ƙabila ko addinin da bai binne nasa ba a cikin waɗannan shekaru. Sa'an nan zamanin 'yan bindiga ya zo. Ran 20 ga Maris 2022 mahara suka afka wa Agban da wasu unguwannin Kagoro, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 34, ciki har da sojoji biyu, ban da gidajen da aka ƙone. A watan Disamba na wannan shekara aka sake kai hari Malagum, aka kashe mutane da dama. Matar da ta kwana a cikin gona da goyo a baya tana jin ƙarar bindiga, me take roƙo a wannan dare? Tana roƙon Allah Ya kawo mai bindiga wanda yake ɓangarenta, ya zo a kan lokaci, kuma kada ya tsaya neman takarda. Watau tana roƙon jarumin fim. Wanda yake zaune a gidajen malamai na jami'a, da maigadi a ƙofa, ya ce mata ta ƙi jinin bindiga, bai san ciwon ba. Wannan ƙishirwa ce ta sa jama'a da yawa suka gyaɗa kai a 2018 da Janar T. Y. Ɗanjuma ya ce mutane su tashi su kare kansu, ita ce kuma ta sa gwamnatin Zamfara a 2022 ta ce wa talakawa su nemi lasin riƙe bindiga. Tafin gidan kallo a irin wannan ƙasa, rabinsa kuka ne na wanda aka bari shi kaɗai.

Saboda haka ba mu cewa a raba ɗan sanda da makami. Hukumar da ba ta iya zuwa Agban da ƙarfi cikin dare ta gaza a farillarta ta farko. Abin da muke cewa shi ne fim yana haɗa mana abu biyu a ƙunshi ɗaya, ya sa mu saye su tare: ɗan sandan da yake zuwa a kan lokaci, da ɗan sandan da ba a tambayarsa. Na farko haƙƙinmu ne. Na biyu kuwa shi ne ainihin abin da ya kai mu inda muke. Tunda bindigar gaske ba ta san mai laifi ba, 'yan Adam suka ƙago mata abin da zai tsaya a madadin wannan sani, shi ne ƙidaya da tambaya. Littafin ma'ajiyar makamai a caji ofis, inda kurtu zai sa hannu ya karɓi bindiga mai lamba kaza da harsashi kaza, ya dawo ya ba da bayanin wanda ya ɓace, shi ne abin da ya raba shi da ɗan ta'adda, tunda ƙirar bindigarsu ɗaya ce. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a yi amfani da ƙarfi har ya kai ga kisa wajen kare rai ko dukiya, ko kamu, ko hana tserewa, ko kwantar da tarzoma, amma ya ɗaure shi da sharaɗin ya zama gwargwadon larura. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda ya daɗe yana shan suka don sakin da ya yi wa harbin mai gudu, an sake masa fasali a 2019. Waɗannan takardu ne fim yake yi wa dariya.

In aka daina ƙidaya, ga abin da yakan biyo baya. Lawrence Anini, ɗan fashin da ya addabi Benin a 1986, da aka kama shi ya tona cewa wani babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, yana cikin masu ba su makami da labari, kuma a 1987 aka harbe su dukansu. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ne aka kasa ba da bayaninsu a ma'ajiyar 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da wasu alƙaluman, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne ya tabbata, ya isa ya hana ƙauyuka barci. Rundunar SARS da aka kafa a 1992 don maganin 'yan fashi, 'yan farin kaya ne masu saurin hannu, daidai da abin da fim ya koya mana so. A watan Oktoba na 2020 matasa ne suka cika tituna har aka rushe ta.

Masu fasaha ba duka suka yarda da wannan ciniki ba, wani lokaci ma dole ake yi musu. A Sholay na 1975, wanda ba ɗan ƙasar Hausa mai shekarunmu da bai san Gabbar Singh ba, yadda aka fara ɗaukar ƙarshen fim ɗin shi ne tsohon ɗan sanda Thakur ya kashe Gabbar da kansa. Hukumar tace fina-finai ta Indiya, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta tilasta aka sake, 'yan sanda suka iso suka tafi da shi. Ba mu da sha'awar yabon almakashin hukuma, balle ta wancan lokaci wadda ita kanta take ɗaure mutane ba shari'a. Mun fi son abin da adabinmu ya yi ba tare da an sa shi ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun a shekarun 1930, labarin ramuwa ne, kuma an zalunci Abubakar da gaske. Amma littafin bai bar mu mu yi tafi ba, domin ya bi ramuwar har inda ta sauka, a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Marubutan sun yi ƙidayar da fim yake tsallakewa. Ɗalibanmu masu rubuta gajerun labarai da wasannin kwaikwayo, da waɗanda suke mafarkin shiga masana'antar fim ta Kano ko ta Jos, za su iya gwada wannan: in an harba harsashi goma a labari, a gaya mana inda goman suka tafi.

A Kagoro ɗin nan akwai wata bindiga ta daban. Ran 1 ga Janairu kowace shekara ana bikin Afan, bikin dutse, wanda yake nuna ƙarewar girbi da buɗe lokacin farauta, kuma ya bunƙasa a zamanin Malam Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarauta daga 1945 har 2008. Maharba sukan fito jere a gaban sarki da jama'a da kayan sana'arsu. Bindigar maharbi ta gargajiya, wadda Bahaushe ya yi wa laƙabi da harbi-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi a danna, kuma harbi ɗaya take yi. Mai ita dole ya tabbatar kafin ya saki, don ba shi da na biyu kusa. Bayan haka kowa a gari ya san shi, ya san gidansu, in an ji ƙara a daji an san wa za a tambaya. Ba muna cewa a tari AK-47 da ita ba, wannan kashe kai ne. Muna nuna ta ne don a ga cewa makami a hannun mutumin da ake iya tambaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, ba kuma ra'ayin da aka ɗauko daga littattafan Turawa ba ne.

Fim yakan ƙare da jarumi yana tafiya, motoci masu jiniya suna isowa a bayansa. Abin da ya rage a ƙasa, wanda kyamara ba ta sauka kansa, shi ne kwanson harsashi. Washegarin kowane hari a Kaura ko Zangon Kataf yara sukan tsince su a bakin hanya da cikin toka. A gindin kwanso akwai tambari da yake nuna masana'antar da ta ƙera shi, sau da yawa har da shekara, kamar yadda jikin bindiga yake ɗauke da lamba. Da irin waɗannan lambobi wata cibiya mai suna Conflict Armament Research ta bi sawun makaman da aka ƙwace a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara, ta fitar da rahoto a 2020. Wasu daga Libiya suka fito, wasu daga ma'ajiyar sojan Kwaddibuwa, wasu bindigogin Turkiyya ne da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Legas, wasu kuma na jami'an tsaron Nijeriya ne. Aiki ne na zama da tabarau da littafi, ana juya ƙarfe ana kwafe lamba, wata da watanni, kuma har yau ba mu ga fim ɗin da ya ba mai yin sa matsayin jarumi ba.